Kyamarar da Ta Wuce Zaure

Hotuna 143 ne a cikin gwangwanin. Sau biyu na ƙirga su a daren da aka yi addu'ar bakwai ta Baba, bayan baƙi sun watse, gidan ya yi irin shirun nan da ke biyo bayan zaman makoki. Tsohon gwangwanin biskit ne mai jan murfi, tsatsa ta ci bakinsa, kuma tun ina yarinya na san mazauninsa: ƙarƙashin gadon Inna, bayan jeren kwallayenta na aure. Babu sarki a cikin hotunan, babu gwamna, babu bikin buɗe wata masana'anta. Mata ne a bakin murhu, da yara cikin kayan Sallah da suka yi musu yawa, da maza da suka naɗe ƙafar wando a bakin ruwa, da wani rago ɗaure a gindin gwaiba yana kallon mai ɗaukarsa. Na yi shekara 20 da ɗoriya ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, ina jera wa ɗalibai sunayen gwamnoni da ranakun juyin mulki, amma ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wata taskar tarihi a ɗakin da aka haife ni ba.

Kafin in faɗi abin da na gani a ciki, ya kamata mai karatu ya tuna yadda aka saba ɗaukar mu hoto a ƙasar nan. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, kyamara ta biyo sawun bindiga. Jami'an mulki da 'yan mishan da 'yan kasuwa sun ɗauki ganuwa da ƙofofinta, da marinar Ƙofar Mata, daga baya dalar gyaɗa, da mahayan da suka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a Kaduna a 1956. Hotuna ne masu amfani, ni ma ina nuna wa ɗalibaina su. Sai dai in ka duba rubutun da ke ƙasansu, sau da yawa sunan ƙabila ko na sana'a za ka gani: wani Bahaushe ɗan kasuwa, wata Bafillatana mai nono. An ɗauki mutumin ne domin ya wakilci wani jinsi, an bar sunansa a can inda aka tsayar da shi.

'Yan ƙasa ma ba su makara ba. Jonathan Adagogo Green na Bonny ya yi aikin hoto tun ƙarshen ƙarni na 19, George Da Costa ya buɗe ɗakin hoto a Legas a 1895, Solomon Alonge kuma ya buɗe nasa a birnin Benin a 1942. A Arewa, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, sana'ar ta zauna a unguwannin Sabon Gari, galibi a hannun mutanen Kudu. Can ake zuwa a yi hoton fasfo na aikin Hajji, ko a ci ado a tsaya gaban labule mai zanen bene, hannu ɗaya a kan furen roba, ɗaya a kan rediyon aro. Irin wannan hoto burin mutum yake nunawa, yadda yake so jikokinsa su gan shi. Kuma duk ƙwarewar mai hoton, iyakarsa zaure. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, cikin gida kuwa nan ne rabin al'umma ke yin yininta. Abin da ya sa littafin Baba ta Karo ya zama abin da ya zama ke nan: Mary Smith mace ce, ta iya zama da tsohuwar a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta abin da ta faɗa, aka buga a 1954. Ta samo mana muryar tsakar gida. Kamanninta kuwa, yadda murhu yake da yadda mata ke zama kewaye da shi, sai da aka jira wata kyamara da maigida da kansa zai riƙe.

Asalin wannan kyamara yana da nisa da mu. A 1888 wani Ba'amurke mai suna George Eastman, a garin Rochester, ya fito da wani akwati da ya kira Kodak. Kuɗinsa dala 25, yana zuwa da fim na hoto 100 a ciki. In fim ya ƙare sai ka aika da akwatin gaba ɗaya zuwa kamfanin, ka biya dala 10, a wanke hotunan, a sa sabon fim, a dawo maka da shi. Dabarar ita ce ya raba ɗauka da wankewa: kafin nan, mai son hoto dole ya san haɗa sinadarai, ya mallaki ɗaki mai duhu. A 1900 ya sake fito da Brownie, akwatin kwali da ake sayarwa dala 1, aka tallata shi ga yara. Wannan akwatin kwali ya yi tafiya mai nisa. Da Brownie ɗin da kawunsa ya ba shi a 1935 Seydou Keïta na Bamako ya fara, da Brownie kuma Okhai Ojeikere ya fara a 1950, mutumin da daga baya ya tara hotunan kitson matan Nijeriya kusan 1,000. Su sun mai da abin sana'a, duniya ta san su. Dubban da suka sayi irin wannan akwati suka ɗauki 'ya'yansu kawai, babu wanda ya rubuta sunansu, kuma Baba yana cikinsu.

Tasa kyamarar Instamatic ce, samfurin da Kodak ya fito da shi a 1963, wanda aka ƙera fiye da miliyan 50 kafin 1970 ta wuce. Fim ɗinta a cikin wani ƙwanson roba yake, ka buɗe bayanta ka jefa ka rufe, ko yaro zai iya. Kuɗin Udoji ne ya saya masa ita. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Gowon rahotonsa kan albashin ma'aikata, a farkon 1975 aka biya ƙarin tare da ariyas na watanni, kasuwanni suka cika da masu neman babur da rediyo da firji. Baba akawu ne a sashen kaya na tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ya hau jirgi zuwa Kaduna da niyyar sayo wa Inna keken ɗinki, ya dawo da keken, ya kuma dawo da wani ƙaramin abu baƙi rataye a wuyan hannunsa. Inna takan ce da kuɗin abin nan da an yi wa yara ɗinki biyu-biyu. Kaka, mahaifiyarsa, ƙin abin ta yi ɗungurungum. Ta ji malamai na cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto, don haka duk sanda ta ga ya ɗaga shi sai ta ja gyale ta juya baya. Hotunanta 6 ne a gwangwanin, 5 daga ciki ƙeyarta ce. Na shidan shi ne na fasfon Hajji, wanda babu yadda ta iya da shi, ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban alƙali.

Kafanchan kuwa jirgi ne ya yi ta. A 1927 ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, wani reshe ya nufi Kaduna, wani ya hau tudu zuwa Jos. Ƙasa ce ta Fantsam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro, ga fadar Sarkin Jama'a, ga Hausawa da Fulani, ga Yarbawa da Inyamurai da aikin reluwe ya kawo. A kwatas ɗin ma'aikata ba ka zaɓar maƙwabci, takardar ofis ce ke zaɓa maka. Mu an haɗa mu katanga ɗaya da iyalin wani direban jirgi, Kirista, mutumin wani ƙauye na kusa. Matarsa kowa Maman 'Yan-biyu yake kiranta, kuma 'yan biyun nata mata sa'o'ina ne.

Mai duba irin waɗannan hotuna dole ya fara da tambayar kuɗi. Fim ɗaya hoto 20 ne, wani lokaci 12, kuma a wurin Baba yakan kai wata 8 bai ƙare ba. In ya ƙare sai a ba wani abokin aikinsa mai zuwa Jos ko Kaduna ya kai a wanke, a jira mako biyu ko uku. Kowane latsi kuɗi ne sau biyu, na fim da na wanki. Fitilar da ake ɗora wa kyamarar don ɗauka a ɗaki, wani ɗan ƙwai mai kusurwa huɗu, sau 4 kawai take haskawa a jefar. Saboda haka kusan duk hotunanmu a waje aka yi su, da rana tsaka, muna ƙanƙance ido. Saboda haka kuma babu hoton ranar Talata ta kowa da kowa, babu na tuwon dare, babu na rashin lafiya. Na ware su kashi-kashi a kan tabarma: 88 na Sallah ne da Kirsimeti da suna da biki, 19 na tafiya, sauran na yara da dabbobi da wasu da ban gane dalilinsu ba. Wanda zai rubuta tarihinmu daga gwangwanin nan kaɗai zai ɗauka kullum cikin shagali muke.

Akwai ɗaya da na fi daɗewa a kansa. A bayansa Baba ya rubuta 23/12/78 da biro. Tsakar gidanmu ce, da hantsi, hazon hunturu ya mai da sama fara fat. Inna na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta ɗora katako a cinya tana murza kwaɓin cincin da kwalbar lemo. Maman 'Yan-biyu ta sunkuya a kan wata babbar tukunyar ƙarfe, tana zuba garwashi a kan murfinta da marfin kwano. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka dahuwa ake yi. Gashin kek ne. Ana zuba yashi a gindin tukunya a bar shi ya ɗau zafi, a jera gwangwanayen madara da aka shafa wa bota aka cika rabi da kwaɓi, a rufe, a sa wuta sama da ƙasa, a riƙa soka tsinke ana dubawa. A wurin zumuntar mata ta cocinsu ta koyo, ita ta koya wa Inna, Inna kuma ta biya ta da alkaki da dublan. Daga nan abin ya zama al'ada: jajibirin Kirsimeti a murhunmu, domin namu ya fi faɗi, jajibirin Sallah ma a murhunmu, hannu huɗu a kan kwaɓi ɗaya. A gefen hoton ga ni nan da 'yan biyun, kowace da wuƙa maras kaifi, an ba mu yankan cincin. Kuncina a kumbure yake. Ɗanyen kwaɓi nake ci, kuma shekara 40 ina musun wannan zargi kafin shaida ta fito daga ƙarƙashin gado.

Na san Baba, na san cincin ɗin yake son ɗauka. Tiren ya cika, ya yi ja, yana alfahari da shi. Amma Instamatic ba ta da abin daidaita gani, duk abin da ya matso ƙasa da taku huɗu sai ya fito dishi-dishi. Dole ya ja baya. Da ya ja baya sai tiren ya ƙanƙance, matan suka shigo, murhu ya shigo, tulun ruwa da igiyar shanya da buhun fulawa suka shigo. Yau 'yata takan tsaya a kan faranti da wayarta ta ɗauki kek daga sama, kowane ɗigon sukari ya fito raɗau, amma ba a ganin hannun da ya kwaɓa, balle maƙwabciyar da ta ara mata tanda. Gazawar tsohuwar kyamarar ce ta tilasta wa mahaifina ya ɗauki abin da ni yanzu nake nema.

Wata gazawar kuwa ba ta yi mana daɗi ba. A hoton, farin zanen da ke kan igiya ya fito da kowane zarensa, fuskar Inna kuwa inuwa ce, sai haƙora da fararen idanu. Muna yara mukan ce rana ce ta yi yawa. Na girma kafin in san cewa tun shekarun 1950 ɗakunan wanke hoto na daidaita kalar injinansu da wani kati da Kodak ke rabawa, mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Da farar fata aka auna abin da ake kira kala daidai. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a binciken da ta buga a 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara akwai koken masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda suka ce launin hajarsu ba ya fitowa a talla. Nakan dubi cincin ɗin nan da fuskar Inna a takarda ɗaya in tuna da wannan. Su ma hotunan masu kala duk sun rine sun koma ja-ja, domin shuɗin rininsu ne ke fara gudu. Baƙi da fari na ɗakin hoton Sabon Gari, wanda ya girme su da shekara 15, yana nan kamar jiya aka yi shi.

Daga cikin 19 na tafiya, 7 rana ɗaya aka ɗauke su, kuma wannan almubazzaranci ne a ma'aunin Baba. Kwanan watan shi ne 1/10/79. Duk ɗalibina ya san ranar: Janar Obasanjo ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a Legas, bayan shekara 13 na mulkin soja. Na koyar da ita sau da yawa har na haddace jimlolin. Ban taɓa haɗa ta da ranar da aka kai mu Matsirga ba, sai da na juya bayan hoton.

Matsirga mafaɗar ruwa ce a wajen Kafanchan, ta wajen Madakiya, inda kogi ke zubowa daga kan dutse mai tsayin fiye da mita 20 ya faɗa wani kwazazzabo. Farkon Oktoba ƙarshen damina ne, ruwan na kan ganiyarsa. Ranar hutu ce, sai ma'aikatan tasha 5 suka haɗa kuɗi suka ɗauki hayar akori-kura, suka kwashi yara. Inda mota ta tsaya muka sauka muka bi wata 'yar siririyar hanya cikin ciyawar da ta fi ni tsayi, tun ba mu ga ruwan ba muke jin rugugi kamar jirgin kaya na tahowa. Abin da na riƙe daga ranar shi ne santsin dutse, da feshin ruwa a fuska, da kukan da na yi da silifas ɗina ya bi kogi. Hoton ya riƙe wasu abubuwan. Mutum 11 ne a jere, ruwan a bayansu fari sol kamar an shanya alawayyo. Baban 'Yan-biyu ya saɓa ni a kafaɗa, ƙafata ɗaya ba takalmi. Yayana ya yi tsayuwar 'yan dambe. Wani mutum mai wando fantalo ya buɗe baki yana faɗin wani abu. A kan wani dutse, ta hannun hagu, ga rediyo mai batir an miƙe eriyarta. Sun tafi da ita ne domin su ji rantsuwar sabon shugaban ƙasa. Baba ya sha ba da labarin cewa ƙarar ruwa ta hana su jin ko kalma ɗaya, har ɗayansu ya kwashi rediyon ya hau gangare, ya dawo ya ce musu an gama, farar hula sun hau, sai a buɗe ƙunshin cincin.

Babu mace babba ko ɗaya a hotunan Matsirga. Inna ba ta taɓa ganin ruwan da idonta ba, duk da shekarun da ta yi a garin. A hoton nan ta san shi. Wannan ma tarihi ne, kuma shi ya fara sa ni taka-tsantsan. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma mai koyar da tarihi da ya yarda da wannan karin magana ɗari bisa ɗari ya shiga uku. Hoton gida yana da nasa son zuciya. Ana ɗaukarsa ranar farin ciki, a ce kowa ya yi murmushi. Almajirin da ya yi mana shekara 4 yana ɗebo ruwa sau ɗaya ya fito, shi ma rabin jikinsa ne, a bakin wani hoton Sallah. Kwatas ɗin reluwe kuma tsibiri ne na masu albashi, waɗanda fansho ɗaya suke jira, makaranta ɗaya 'ya'yansu ke zuwa. A wajen katangarsa akwai tsofaffin ƙorafe-ƙorafe kan sarauta da ƙasa da haraji, tun zamanin da Turawa suka ƙarfafa ikon masarautu a kan ƙabilun yankin. Murmushin mutum 11 a bakin ruwa bai goge wannan ba. Kowa ya tuna bara, in ji masu magana, bai ji daɗin bana ba, kuma na san ina cikin masu wannan hali. Abin da hoton ya tabbatar kaɗan ne, amma ya tabbatar da shi: a rana kaza, Kirista ya saɓa 'yar Musulmi a kafaɗa a kan dutse mai santsi, uban yarinyar kuma ya ja baya taku goma yana neman su a cikin gilashi, hankalinsa kwance.

A ranar Juma'a, 6 ga Maris 1987, rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista, kan kalaman wani mai wa'azi. Ya fita daga makaranta ya shiga gari, cikin 'yan kwanaki ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. An ƙone masallatai da coci-coci, an rasa rayuka. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Hansine Donli, ta tarayya ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Wannan duk yana rubuce, kuma shi ne Kafanchan ɗin da ɗalibaina suka sani, tare da ta Afrilun 2011, lokacin da aka ƙone kasuwar garin bayan zaɓe. Takardun hukuma ranar tashin hankali suke buɗe ido. Shekarun da aka yi ana miƙa kwano ta kan katanga babu kwamitin da aka kafa ya bincike su.

Ƙaramar Sallah ta wannan shekara a ƙarshen Mayu ta faɗo, kuma akwai hotonta. Inna ce ita kaɗai a bakin murhu, da ni. Babu tukunyar yashi, babu cincin, babu Maman 'Yan-biyu. A tiren alkaki ne da nakiya. Da na gan shi a daren nan sai na ce a raina, ga shaida, wata 3 bayan rikici zumunci ya yanke. Har na fara tsara yadda zan nuna wa ɗalibai hotunan biyu gefe da gefe. Da gari ya waye na kai wa Inna, na faɗa mata fassarata. Ta matso da shi kusa da idonta, ta daɗe, sannan ta ce, "Ke dai da karatunki. Fulawa ce babu."

Gaskiyarta. Daga Janairun 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, fulawa ta yi tsada ta kuma ɓace, burodi ya ƙanƙance. Alkaki da alkamar gida ake yinsa, wadda ake nomawa da rani a fadamun Arewa tun kafin zuwan Turawa, nakiya kuma shinkafa ce. Maman 'Yan-biyu kuwa ta tafi ƙauye jinyar surukarta. Na ji kunya, na fara tattara hotunan. Sai Inna ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube ni ba, amma dai a shekarar nan ta ƙofar baya aka kai musu kwanon, bayan magariba, kuma ƙanena aka aika, aka ce kada ya tsaya wasa. Da can da hantsi ake kaiwa, ta ƙofar gaba, a tire, an rufe da sabon adiko. Wannan ba ya cikin hoton. Ba ya cikin rahoton kowane kwamiti. A bakin tsohuwa mai shekara 70 da wani abu yake, kuma da ban yi kuskuren fassara ba da ba ta faɗa ba.

Bayan wannan hoto saura 4 kacal a gwangwanin. Nan ma dalilan sun cakuɗe. Tun Satumbar 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ɗaya ta koma kusan naira 4, fim da takardar wanki kuwa duk daga waje suke zuwa. Irin fim ɗin Instamatic ma ya fara wuyar samu, duniya ta koma wa wasu kyamarorin. Aikin jirgi na ja da baya. Ko kuma dai Baba ya daina ganin abin ɗauka. A 1989 ya yi ritaya muka koma Zariya, kyamarar ta shiga akwati, ƙannena suka mai da ita abin wasa har ta tarwatse.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A cikin Kodak ɗin kansa wani injiniya, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar da ba ta bukatar fim a 1975, shekarar da Baba ya sayi tasa; takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. Wannan jaririya ce ta girma ta kai kamfanin kotun fatara a Janairun 2012. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba ta zo da ido a bayanta. Yanzu a yinin biki ɗaya nakan ɗauki abin da ya fi na Baba na shekara 14. Amma in aka tambaye ni hoton sunan ɗana na fari, babu. Yana cikin wayar da aka zare mini a tashar mota. Na biyun yana cikin wani katin ajiya da ya daina buɗewa. Takarda ma ba ta tsira ba: albam ɗin kawuna gara ta cinye shi a damina ɗaya, dodon hotunan Baba kuwa tun muna yara muka ƙarar da su wajen kallon rana. Kowane ɗaya cikin 143 ɗin nan shi kaɗai ne irinsa, kuma a bayan mafi yawansu kwanan wata ne kawai, babu suna, domin Baba bai zaci za a wayi gari ba a san su ba.

Saboda haka na sayi fensir, tunda tawadar biro tana huda takarda ta ɓata fuska, na riƙa zuwa wurin Inna duk yammacin Asabar. Idonta ya yi rauni, sai in riƙe mata hoton a bakin taga, in kwatanta mata riga ko tsayi, ita kuma ta kawo suna, da garin mutum, da wanda ya aura, wani lokaci da bashin da ya tafi bai biya ba. A hoton Matsirga ta gane 9 cikin 11. Mai wando fantalo da wani yaro mai riƙe da sanda sun gagare ta.

Ɗaya daga cikin 'yan biyun na samu ta Facebook, bayan wata 2 ina nema. Ma'aikaciyar jinya ce a Jos, mahaifiyarsu ta rasu, mahaifinsu ma. Na tura mata hoton tukunyar yashi. Sai bayan kwana 2 ta amsa, kuma da hoto ta amsa, irin namu mai kusurwa huɗu daidai, ya rine ya yi ja. Ashe Baba yakan sa a wanke wasu bibbiyu ya miƙa ta kan katanga. Wannan babu shi a gwangwaninmu: ƙofar gidansu ce, ranar Kirsimeti, ni da su mun yi anko, Kaka kuma na wucewa ta bayanmu da buta a hannu, ba ta san ana ɗauka ba, fuskarta a sake tana dariya da wani wanda ba ya cikin hoton. A bayansa, da rubutun Baba, 25/12/80.

Da muka yi waya ta ce in ba ta Mama. Na kara wa Inna wayar a kunne. Sun yi gaisuwa doguwa, sun yi wa juna ta'aziyya, suka yi shiru. Can sai na ji ta tana cewa, Mama, alkakin nan na sha gwadawa ba ya yin irin naku, kwana nawa ake barin kwaɓin ya yi tsami? Inna ta gyara zama ta karɓe wayar daga hannuna. Ta ce in da zafi kwana ɗaya ya isa, amma ku da kuke Jos, da sanyin nan naku, ki ba shi biyu, kuma kada ki cika kanwa.